Shanun Dabo Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya san Dabo na rugar bayan Ƙofar Guga ya san abu biyu ne ba a tambayarsa: sunan ɗansa na fari da yawan shanunsa. Na farkon kunya ce irin ta Fulani, ba mai ganin laifinsa. Na biyun kuwa jangali ne ya koya masa, harajin nan da ake biya a kan kowace saniya. Tun yana bin ubansa kiwo ya ga yadda ake yi. Da damina ta kankama malamin jangali zai taho bisa keke da littafi a hammata, sai a kora kyawawan shanu su yi arewa can wajen iyaka, a bar masa tsofaffi da ramammu ya ƙirga. Shi ma malamin ai ba yaro ba ne. In ka ce goma ya rubuta talatin, kai kuma da ka san zai ninka sai ka fara da uku. Haka aka yi ta zama shekara da shekaru, kowa na yi wa kowa ƙarya, kowa kuma ya sani.

Shanun Dabo dai sittin da huɗu ne. Ko matarsa Hawwa ba daga bakinsa ta ji ba, da idonta ta ƙirga.

To, shekarar da soja suka ce za su koma bariki su ba farar hula mulki, Katsina ta cika da jam'iyyu, motocin lasifika suna ta kai da kawo har mutum ba ya jin sallamar maƙwabcinsa. Dabo bai damu da su ba ko kaɗan. Abin da ya hana shi sukuni a daminar nan wani labari ne da 'yan fataucin shanu suka zo da shi kasuwa, wai bushiya ta ɓulla can ƙetaren iyaka. Wanda bai san bushiya ba ya gode wa Allah. Ciwo ne da in ya shiga garke sai dai mai garken ya koma gida da sandarsa. Dabo ya gan ta sau ɗaya yana yaro, kuma har yanzu in ya tuna warin sai abinci ya fita ransa.

Wata Talata da la'asar Hawwa ta dawo daga tallan nono a Gobarau, ta sauke ƙwarya, ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin faifai. Hoton fatanya ne a jikinta, da rubutun boko da na ajami.

"Malam, yau na ji sabon abu," in ji ta. "'Yan Jam'iyyar Fatanya sun buɗe ofis a wani shago kusa da inda nake zama. Tun hantsi suke karanto abin da za su yi in mutuminsu ya shiga majalisa, har na haddace."

"To mai hadda, biya mana."

"Sun ce za su soke haraji, su soke jangali. Burtalin da masu kuɗi suka shinge za a buɗe shi shanu su wuce. Makaranta kyauta, asibiti kyauta, gona ta wanda ke nomanta ce. Kuma sun ce ba sai an zaɓe su ba, tun yanzu za su kawo allurar bushiya su yi wa shanun Fulani, ko sisi ba za a biya ba."

Dabo ya daina saƙar igiyar da ke hannunsa. "Kyauta?"

"Haka suka ce."

"Mutum ya tashi daga cikin birni, ya ƙona mai, ya zo ya yi wa saniyata allura, ba ɗan uwana ba, ba surukina ba? Shi mi zai samu?"

"Ƙuri'a mana."

"Ƙuri'a ake tatsa ko ita ake kaiwa kasuwa? Ke dai! Wane ne ma mutumin nasu?"

Nan Hawwa ta shiga gyara faifai a kan ƙwaryar da ba komai a cikinta. "Malam Abbas ne."

"Wane Abbas ɗin?"

"Wanda ka sani."

Dabo ya yi wata dariya mara daɗin ji. Malam Abbas! Shekara goma sha tara yana malamin jangali a yankin nan kafin ya ajiye aiki. Mutumin da ke tsugunawa ya ƙirga kashin shanu a makwanci, ya ce wannan kashin ba na saniya bakwai ba ne. Mutumin da ya taɓa zuwa ya wuce garke, ya tafi kai tsaye wurin dangwali, igiyar nan mai maɗaurai da ake jera maruƙa a jikinta, ya ƙirga maɗauran, ya juyo ya ce wa Dabo, "Maruƙa goma sha takwas, iyaye shida? Tagwaye suke haifa maka ko 'yan uku?" Shi ne yau zai soke jangali. Lalle duniya da abin kallo.

"Ajiye takardar," ya ce. "Za ta yi ƙunshin kanwa."

Kwana uku bayan nan Ardo Haliru, shugaban Fulanin yankin, ya aiko a taru gindin tsamiyar ƙofar rugarsa, baƙi na tafe. Aka taru, mutum ya kai arba'in, kowa ya dogare haɓa a kan sanda. Sai ga wata tsohuwar a-kori-kura da tutar fatanya, Malam Abbas ya sauko. Ya tsufa, ya rame, furfura ta cinye gemun. Ba babbar riga, ba malafa, 'yar shara ce kawai da hula ƙube. Dabo ya dubi hammatar Malam Abbas, ya kuwa ga abin da yake nema. Littafi.

Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da dabbobi da ruwan bana, aka sake tambaya. Sannan Malam Abbas ya ƙi zama a kan buzun da aka shimfiɗa masa, ya tsaya.

"Jama'a, ba wanda bai san ni ba a nan, kuma ba da alheri kuka san ni ba. Na ƙirga maku shanu, na ƙara maku abin da ba ku faɗa ba, wasunku sun sayar da bijimi saboda alƙalamina. Na kuma ga inda abin da aka karɓa yake tafiya, ba rijiya ba ne, ba magani ba ne. Shi ya sa na bar aikin, shi ya sa na shiga jam'iyyar nan. Mu abin da muka tsaya a kai shi ne, wanda ya yi gumi shi zai ci. Manomi da makiyayi da ɗan ƙwadago su ke riƙe da ƙasar nan, amma su ake tatsa. In na shiga majalisar jiha, maganar farko da zan kai ita ce a binne jangali."

Ya yi ta bayani, burtali, mashaya, makarantar 'ya'yan makiyaya, kotun da talaka zai tsaya ba tare da ya tuɓe takalmi ba. Maganar akwai daɗi, wannan ba a musu. Amma Dabo ya lura da wani abu: duk tsawon jawabin, idon Malam Abbas bai daina leƙa garken Ardo ba. Ido ne da ya saba, ko mai shi ya tuba shi bai tuba ba.

"Saura maganar bushiya," in ji Malam Abbas. "'Yan jam'iyya sun haɗa hannu, akwai tsofaffin malaman dabbobi a cikinmu, za mu ɗauko allura daga can wajen Jos. Amma ku gane, ba kanwa ba ce da za a jibge a ɗaka. A cikin ƙanƙara take zuwa, in ta sha zafi ta lalace, kuma a ƙirge ake bayarwa. Iya abin da kuka faɗa, iya shi za a kawo. Don haka kowa ya gaya mani shanunsa."

Ya buɗe littafi. Kowa ya kau da kai.

"Na san abin da ke ranku," ya ce. Ya ɗaga hannun dama. "Wallahi tallahi, abin da mutum ya faɗa shi zan rubuta. Ba zan ƙara ko ɗan maraƙi ba. Jam'iyyarmu ta yarda da maganar talaka, ni ma yau na yarda da ita."

Sa'idu, ƙanen Dabo, ya matso ya raɗa masa, "Yaya, ya fa rantse."

"Na ji. Ya rantse ba zai ƙara ba. Ka ji ya rantse a kan inda littafin zai kwana? In sun faɗi zaɓe fa, littafin nan hannun wa zai koma? In sun ci, wa ya gaya maka ba za su sauya wa jangalin suna ba? Kuma duba lokacin da ya zo. Tsakiyar damina."

Sa'idu ya gyaɗa kai, don tsakiyar damina dai lokacin jangali ne, wannan ko jariri ya sani.

Ardo ne ya fara, ya ce ashirin, alhali garkensa na nan a bayansa ya haura ɗari. Malam Abbas ya dubi garken, ya dubi Ardo, ya haɗiye wani abu, ya rubuta. Daga nan kowa ya bi sahu, mai tara, mai bakwai, har da wani da ya ce uku da rabi, wai ɗayar tarayya suke da surukinsa. Da aka zo kan Dabo, Malam Abbas ya ɗago.

"Malam Dabo, kwana da yawa. Nawa za a sa?"

Dabo ya yi lissafinsa a zuci. In ƙarya ce, goma sha ɗaya ba za ta karya shi ba. In kuma da gaske allura ce, ai hali ba ya barin mai shi, Abbas zai ninka ko ya rantse da me.

"Goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya," Malam Abbas ya maimaita a hankali, alƙalami na tsaye a kan takarda. "Malam Dabo, allura ce fa. Ka tabbata?"

Wannan tambayar ce ma ta ƙarasa tabbatar wa Dabo akwai wata a ƙasa. Mai ba ka kyauta yaushe yake matsa maka ka ƙara?

"In ka ga wasu a wani wuri, Malam, na ba ka su."

Aka yi dariya. Malam Abbas bai yi ba, ya rubuta, ya juyo da littafin ya nuna masa, kamar Dabo ya iya karatun boko. Ya ce ranar Asabar ta sama, a filin Kambarawa, kowa ya koro nasa.

Ana saura kwana huɗu, da gari ya waye, Dabo ya shiga garke shi da Sa'idu suka fara warewa. Tsofaffin da haƙoransu suka zube, mai ƙaho ɗaya, mai ɗingishi, wata juya da ta shekara huɗu ba haihuwa, aka tsame goma sha ɗaya aka kai gefe. Sauran hamsin da uku Sa'idu zai kora arewa, wani tafki kusa da iyaka inda ubansu yake ɓoye shanu tun zamanin Turawa, su yi kwana goma har ƙura ta lafa.

Hawwa ta fito da ƙwaryar tatsa a hannu ta tsaya. A cikin masu tafiya akwai Saye, wata jar saniya mai farin goshi, gadon da uwarta ta bar mata. Rabin nonon da take kaiwa Gobarau daga Saye yake fitowa, ga shi kuma saniyar tana da ciki.

"Malam, arewa fa? Ba can aka ce ciwon yake ba?"

"Ƙetare aka ce. Tsakanin tafkinmu da inda ake faɗa tafiyar kwana uku ce."

"Ciwo ya san iyaka ne? To ka bar mani Saye. Cire mai ɗingishin nan ka sa ta, lissafinka bai ɓaci ba."

"Ke ba ki san Abbas ba. Da ya ɗora ido a kan Saye ya gama sanin akwai irinta hamsin a baya. Saniya kamar wannan ba ta zama cikin tsofaffi ita kaɗai."

"In da gaske suke fa?"

"In da gaske suke ai Abbas zai ninka allurar, sai a koro su a yi masu. Mi muka rasa?"

"Ni dai hankalina bai kwanta ba."

"Naki hankalin tun da kika ji lasifika ya tashi."

Ta je ta shafa wuyan Saye, ta ba ta ɗan dusa a tafin hannu, ta tsaya tana kallo har garken ya ɓace bayan gonakin gero. Ranar ba ta je talla ba, don abin da tsofaffin suka bayar bai rufe gindin ƙwarya ba.

Ranar Asabar filin Kambarawa ya cika da shanu, kuma wallahi ba a taɓa tara munanan shanu wuri ɗaya irin na ranar ba. Kowa ya koro tarkacensa. In baƙo ne ya zo sai ya ce Fulanin Katsina sun fi kowa tsiya a duniya. Makiyayan kuwa kowa na satar kallon na ɗan uwansa yana danne dariya.

Dabo ya tsaya yana baza ido. Ya nemi ɗan doka, bai gani ba. Ya nemi tebur da mai yanka rasit, babu. Abin da ya gani dattawa uku ne da suka naɗe hannun riga, da wani farin akwati a inuwar mota, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. In an kama saniya a soka mata allura a wuya, sai a ɗan tsage kunnen hagu don a san an yi mata. Tsagar nan ta tsaya wa Dabo a rai. Shaida ke nan, ya ce a zuci, gobe duk mai tsaga an san ta shiga littafi. Ya gode wa Allah da bai kawo Saye ba.

Aka zo kan nasa. Dattijon da ke allurar, wani mai tabarau ɗaure da zare, yana aiki yana surutu da na kusa da shi.

"Gara da aka yi yau. Jiya wani direba ya ce mani bushiyar ta ƙetaro. Tafkunan nan na bakin iyaka duk an fara ganin mushe."

Dabo ya saki kan saniyar da yake riƙe. "Malam, waɗanne tafkuna?"

"Duk na wajen. Shanun ƙetare ne suka gudo da ita, suna shan ruwa tare da na nan. Riƙe mata kai da kyau. Ai ku kun tsira, tun da naku ga su nan."

Aka gama goma sha ɗaya, ba wanda ya ce ya kawo ko kwabo, ba wanda ya sa shi dangwala hannu. Sannan ya kutsa cikin mutane ya sami Malam Abbas a bakin mota, ya ja hannun rigarsa zuwa gefe, abin da bai taɓa yi wa ma'aikaci ba.

"Malam, ragowar fa?"

"Wace ragowa?"

"Wadda ka ƙara. In na koro wasu gobe ko jibi."

Malam Abbas ya dube shi, ya ɗaga buhun ya buɗe akwatin. Ƙanƙara ta narke, 'yan kwalabe ƙalilan ne ke iyo a ruwa. "Na mutanen da ke kan layi ne. Ɗari huɗu da shida aka faɗa mani, ɗari huɗu da shida na kawo. Nawa ne a dajin?"

Ko a nan bakin Dabo ya kasa faɗin yawansu. "Akwai dai 'yan kaɗan."

"Ina?"

"Arewa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Nan Dabo ya fashe. "Kai Malam, mi ya sa ba ka ƙara ba? Shekara goma sha tara kana ƙara mani! Ka san goma sha ɗayana ba goma sha ɗaya ba ce, ka fi kowa sani. Da za a karɓe mani ka ninka, yau da za a ba ni sai ka ɗauki maganata?"

"Na rantse a gabanku, Malam Dabo. Da na ƙara ko ɗaya aka ji, mi za ku ce? Ku ce Abbas na nan da halinsa, ba wanda zai koro ko akuya. Na tambaye ka sau biyu."

"Tambaya! Da can tambaya kake yi?"

Malam Abbas ya sunkuyar da kai. Shi ma abin ya dame shi, an gani a fuskarsa. Ya ce zai sake aikawa, amma kafin a haɗa a kawo sai an yi mako uku. Ya ce kada a dawo da shanun cikin na mutane sai an ga lafiyarsu. Dabo bai tsaya jin ƙarshen ba, ya bar wa wani maƙwabci tsofaffin ya kai ruga, shi kuma ya tari motar kasuwa mai zuwa arewa. Yana cikin motar ma zuciyarsa ba ta bar shi ba, tana ce masa anya ba shiri ba ne, a tsorata mutane su fito da na ɓoye? Ya so ƙwarai a ce shirin ne.

Tun daga nesa ya ga ungulaye a kan wata marke. Sa'idu ya taho da gudu, idonsa ja.

"Yaya, tun shekaranjiya uku suka daina kiwo. Na raba su, amma yau na ga wasu biyar."

Dabo ya shiga cikinsu yana duba ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na zuba daga ido, yawu na dalala, hanci ya bushe ya tsattsage. Ya buɗe bakin wani bijimi ya ga gyambo a dasashi, sai warin nan na yarintarsa ya bugo shi. Ya zauna a ƙasa.

Kwana goma sha shida suka yi a bakin tafkin. Ba abin da ba su gwada ba, jiƙon sassaƙe, kanwa, hayaƙi, rubutu da wani malami ya yi masu. Ardo ya aiko cewa kada su kuskura su doso gida da ko ɗaya, kuma gaskiyarsa. Kullum sai sun ja uku ko huɗu zuwa rami, tun suna haƙawa har suka gaji suka bar wa ungulu. Saye ta yi ta fama, ta zubar da cikin, ta ƙara kwana huɗu tana nishi. Dabo ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa yana kore mata ƙuda, yana kuka, babba da shi, ba ya ko ɓoyewa. Da ta cika ya kwance igiyar wuyanta ya sa a aljihu.

Suka dawo su biyu, kowa da sandarsa. Hawwa na bakin bukka tana wanke ƙwarya. Ta dubi bayansu, ta dubi hanya, ta sake duban bayansu. Dabo ya ciro igiyar ya miƙa mata. Ya shirya wa kuka, ya shirya wa gori, ya ma fi son gorin. Ita kuwa ta karɓa ta naɗe a hannu.

"Sannunku da hanya," ta ce. "Akwai ruwa a randa."

Ta shige ɗaki. Wannan sannun ta fi masa zagi ciwo.

Ana jibi zaɓe, da hantsi, Dabo na zaune a gindin gawo sai ya ji ƙugin mota. A-kori-kurar nan ce mai tutar fatanya. Lasifikarta a kashe take. Malam Abbas ya sauko da sauri, muryarsa ta dushe saboda yawon kamfe, dattijo mai tabarau na biye da shi rungume da farin akwati. Rugar Dabo ce ta farko a hanya, nan suka fara tsayawa. Malam Abbas ya san ciwon ya taɓa shanun mutane, amma Fulani ba su faɗin asara kamar yadda ba su faɗin yawa, don haka bai san iyakarta ba.

"Salamu alaikum! Malam Dabo, allura ta iso. Da asuba aka sauke ta, ko gida ban biya ba." Ya matso ya rage murya, har da ɗan murmushi. "Wannan karon ban tambayi kowa ba. Na koma halina na da, Allah ya yafe mani rantsuwata, zan yi kaffara. Na tuna dangwalinka, na yi lissafi, na sa maka hamsin. In ma sun fi haka akwai rara. A koro su."

Dabo ya amsa sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo tabarma. Sannan ya ce, "Malam, shanuna goma sha ɗaya ne. Kuma duk an yi masu."

"Haba Malam Dabo! Har yanzu? Ba littafi fa, duba hammatata. Ba ruwana da wanda za ka zaɓa jibi, ka jefa wa wanda ka ga dama. Ƙanƙara na narkewa, don Allah a bar wasan nan."

"Goma sha ɗaya ne."

"To na ji, goma sha ɗaya ne. Na surukinka da na maƙwabcinka da ke hannunka, a koro su."

Dabo ya miƙe, ya ce ya biyo shi. Suka zagaya bayan bukkoki zuwa garke. Makwancin na nan da faɗinsa, wurin da ya saba ɗaukar shanu sittin da 'yan kai, ciyawa har ta fara tsirowa a tsakiya. Dangwali na miƙe a ƙasa tsakanin turaku biyu, maɗauri ashirin da ɗaya, ba maraƙi ko ɗaya a jiki. Can gefe guda tsofaffin ne a tsaye suna tuƙa, mai ƙaho ɗaya, mai ɗingishi, juyar nan, kowace da tsaga a kunnen hagu.

Murmushin ya bar fuskar Malam Abbas. Idonsa ya sauka ƙasa, inda ya saba dubawa, ya bi kashin da ke makwancin. Sabo kaɗan ne, a lungu ɗaya.

"Ƙirga, Malam," in ji Dabo. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ce wa wani mahaluki haka ba. "Ƙirga da kanka."

Malam Abbas bai so ba, amma leɓɓansa suka motsa. Ya kai ƙarshe, ya sake farowa daga ɗaya gefen, ko Allah zai sa ya yi kuskure. Dattijo mai tabarau ya sauke akwatin a ƙasa, ruwan ƙanƙara na ɗiga ta gindinsa.

"Goma sha ɗaya," in ji Malam Abbas.

"To ka gani," Dabo ya ce. "Abin da na gaya maka ke nan."